Baƙin Man da Na Ba Yaya

Ban taɓa kai motata gareji don a yi mata juye ba, kuma da wannan nake cika wa abokan aikina baki a makarantar da nake koyarwa a Daura. Tsohuwar mota ce mai shan fetur, ta girmi 'yata ta fari, ni ne kuma mutum na huɗu ko na biyar da ya riƙe makullinta. In matsalar wuta ce ko ta ƙafa, dole in nemi bakanike, amma baƙin mai kam da hannuna nake juye shi, da hannuna nake zuba sabo. Na taɓa tsayawa ina kallo wani bakanike ya ɗaure notin gindin injin wani bawan Allah har zaren ya cinye, ya naɗa masa leda ya mayar, ya ce an gama. Tun ranar na ce ba da ni ba. Wannan taurin kan nawa ne mafarin abin da ya shiga tsakanina da yayana, wanda har yau na kasa gyarawa.

Ranar Asabar da hantsi nake yin aikin. Akwai wani ɗan rami da na haƙa a gindin darbejiyar ƙofar gidana, daidai yadda mutum zai kwanta rigingine a ciki bai takura ba. Sai in tayar da motar in bar ta ta ɗan yi ɗumi, don mai in ya yi sanyi ba ya saurin sauka, kuma yakan bar dattinsa a ciki. In gyara mata tsayuwa a kan ramin, in tokare tayoyin baya da duwatsu, in shimfiɗa buhu, in shige da sufana da tsohon daro. Duk dabarar tana wajen zare na ƙarshe. In ka sassauta notin da sufana, sai ka ƙarasa da yatsu kana danna shi sama, sannan ka fizge hannunka gefe. In ka yi nawa, man da zafinsa zai bi hannunka har hammata. Sau biyu ya yi mini haka, ban bari an yi na uku ba.

Daga nan sai jira. Ba na mayar da noti sai ɗigon ya koma ɗai-ɗai. Filta kuwa da tsohon bel nake kwance ta, in shafa wa robar sabuwar ɗan mai da yatsa, in ɗaure ta da hannu kawai. In sa sabuwar washa, in zuba mai ta mazurarin da na yanka daga gorar ruwa, in dakata ya sauka, in zaro ƙarfen geji in goge, in mayar, in sake zarowa. In na tayar da ita jar wutar mai ta mutu, sai in durƙusa in leƙa ƙasa ko akwai yoyo. Maiɗakina takan leƙo ta ce da ina ɗanɗana miyarta da irin natsuwar da nake duba gejin nan, da ta san ta yi aure. Nikan ce mata miya ba ta taɓa tsayar da ni a hanyar Katsina ba.

Tsohon man da ya fito kuwa, a wajenmu ba abin zubarwa ba ne. A jarka nake tara shi, kuma kafin wani juyen ya zagayo an roƙe shi tas. Wannan zai shafa wa azarar ɗakinsa saboda gara, wancan zai zuba a masai don sauro, mai baro yana so ya kashe kukan tayarsa. Ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin roƙon nan. Malamin makaranta ba shi da abin rabo da yawa, sai ga ni da jarka ana sallama a ƙofata, ana tafiya ana sa mini albarka.

Amma duk cikin masu karɓa, ba wanda nake jin daɗin ba shi kamar Yaya. Shekara goma ya ba ni, uwa ɗaya uba ɗaya, yana zaune a ƙauyenmu can gaba da Zango. Da mahaifinmu ya rasu ina firamare, shi ya tsaya a gona ya ce ni in ci gaba da karatu, kuma bai taɓa yi mini gori ba ko da wasa. Duk kaka sai ya aiko mini da gero da gyaɗa, ga shi ba ya karɓar komai a hannuna. In na kai masa shadda, sai in gan ta a jikin limamin garin ranar salla. In na kai sukari da sabulu, ya ce a raba wa mata. Abu ɗaya tak yake buɗe baki ya tambaye ni, shi ne baƙin mai. Yana zuba wa ƙafar amalankensa, yana shafa wa ƙafafun rumbu, in kuma karkiya ta goge wuyan ɗaya daga cikin shanun huɗarsa, ya ɗan ɗiga a wurin saboda ƙuda.

Shanun biyu ne, ja da fari. Jan tun yana ɗan maraƙi ya sayo shi a kasuwar Mai'adua, shi ya hore shi da kansa, har ya kai in ya yi masa magana daga bayan garma sai ya juya ba sai da bulala ba. Su biyun nan su ne ƙarfin gonarsa gaba ɗaya, don shi nasa ƙarfin ya fara ja baya, 'ya'yansa maza kuma duk sun tafi nema kudu.

A bazarar shekarar da nake magana, injin motar ya fara wani ƙas-ƙas da safe, jar wutar mai kuma tana jinkirin mutuwa. Wani tsohon direba da muke hira da shi a tasha ya ce datti ne ya toshe hanyoyin mai, in wanke cikin da kalanzir. Na san ba haka masu ƙera motar suka ce a yi ba, amma na yi. Na juye tsohon man, na mayar da noti, na ɗura kalanzir mai yawa da ɗan mai kaɗan, na bar ta ta yi aiki a tsaye na 'yan mintoci, sannan na kwance. Abin da ya fito kamar kunun da aka dama da gawayi. Sau biyu na yi haka. Da na zo kwashewa, jarkata ɗaya ce, sai na haɗa tsohon man da wankin duka a ciki. Ina zubawa ina cewa a raina wannan na gara ne da masai kawai, bari in sami alli in rubuta a jiki. Ni da nake yini da alli a hannu, ban rubuta ba.

Kwana biyu bayan nan sai ga Yaya ya sauka a motar kasuwa da galan ɗinsa a hannu. Bayan mun gaisa ya sha ruwa, ya ce jan san ya kamu da kirci, ciwon fatar nan mai yin ɓawo, ya cinye masa doro har ya gangaro wuya, daidai inda karkiya take zama. Ga hadari ya fara haɗowa ta gabas. In ruwa ya sauka san bai warke ba, ba huɗa ke nan, don sa ɗaya ba ya jan garma. Ya ce in cika masa galan ɗin, so yake ya shafe shi sosai.

Na ce masa da ya nemi malamin dabbobi a yi masa allura. Ya yi dariya ya ce bokona ya motsa, shi da baƙin mai yake maganin kirci tun ina haddar abacada. Ya jawo jarkar da kansa, ya buɗe, ya sunsuna, ya ɗan kau da kai. Man tsohuwar mota dama yakan zo da warin fetur, don haka bai kawo komai a ransa ba.

"Auta, wannan kam da ƙarfinsa," in ji shi. "Irinsa nake nema."

Nan ne ya kamata in yi magana. Da na ce masa akwai kalanzir a ciki, da shi ke nan, Yaya ba yaro ba ne, ya san abin da kalanzir yake yi wa fata. Na buɗe baki na rufe. Na daɗe ina bincikar kaina a kan dalili, kuma abin da na samu ba mai daɗi ba ne. Kunya nake ji a ce ni, gwanin mota, na bi maganar tasha na ɗura wa injina kalanzir. Ga shi mutumin nan ya biyo hanya tun daga ƙauye saboda abu ɗaya da yake nema a wurina a duniya, ba na so in ga ya koma da galan wayam. Sai na lallashi zuciyata da cewa ai kalanzir ɗin ma ƙwayar ciwon zai kashe. Abin da ya fito daga bakina shi ne a riƙa shafawa kaɗan-kaɗan. Ya ce to, irin amsar da babba yake ba ƙaninsa don a wuce wurin. Ni na riƙe masa mazurarin har galan ɗin ya cika, ni na kai shi tasha a motar, tana tafiya luf, ƙas-ƙas ɗin ya ɗauke.

Ranar Alhamis ina cikin aji matar Yaya ta kira ni a waya. Ba ta saba kirana ba, don haka tun kafin in ɗauka na sha jinin jikina. Ta ce jan san ya kwanta tun jiya, ya ƙi cin komai, yayanka kuma ya ƙi tashi daga gabansa. Na nemi izini na kama hanya. Duk tsawon tafiyar addu'a ɗaya nake yi, Allah ya sa wani ciwon ne daban.

Na same shi a turke, a bayan gida. An shafe shi tun daga gindin ƙaho har wutsiya, ba inda aka bari, kuma kwana biyu ya yi a haka cikin ranar bazara. Fatar doron ta saɓule wuri-wuri, cikinsa ya kumbura tim, yana tari yana fitar da kumfa, harshensa baƙi ƙirin saboda lasar jikinsa. Yaya yana tsugune ya tallafe masa kai. Ya ɗura masa jiƙon kanwa, ya ɗura masa man gyaɗa, ya wanke shi da toka da sabulu, duk ba wanda ya yi. Da ya gan ni sai ya ce sannu da zuwa, ya tambaye ni wa ya tayar da ni daga wajen aiki.

Na koma Zango na ɗauko malamin dabbobi. Ya duba idon san, ya bubbuga cikinsa, ya shafa fatar ya sunsuna yatsansa. Ya tambaya wane irin mai ne wannan. Yaya ya nuna ni da haɓa, har da ɗan alfahari, ya ce na motar ƙaninsa ne, da hannunsa yake juyewa, ba tarkacen gareji ba ne. Malamin ya dube ni, ya daɗe bai ɗauke ido ba. Na ce masa tsohon man inji ne. Man inji ne kuwa, amma ni na san abin da na rage. Ya ce abin ya riga ya shiga huhu, in ana so a mori naman a yanka shi kafin la'asar.

Yaya bai tsaya wajen yankan ba, ɗaki ya shige. Mahaucin garin ya yanka ya feɗe, da ya farke cikin sai kowa ya ja da baya. Warin ya bi har cikin tsoka. Ya yanki 'yar kaɗan ya gasa a kan garwashi, ya sa a baki ya tofar. Ya ce wannan ko kyauta ba mai karɓa, fatar ma ta ƙone ba ta da sauran amfani. Rami aka haƙa a bayan gari. Aka ɗora shi a amalanken da ya shekara bakwai yana ja, mu biyar muka tura da hannu cikin yashi. Farin yana turke yana ta kuka har muka dawo.

A ƙauye in sa irin wannan ya mutu, jaje ake zuwa kamar an yi rashi. Muka zauna a ƙofar gida, mutane na zuwa suna tafiya, Yaya yana gaya wa kowa magana ɗaya. Laifinsa ne. Bai sa masa takunkumi ba, ya bar shi a rana, ya kuma cika hannu. Shekara da shekaru yana shafa man nan bai taɓa kashe masa ko akuya ba, sai da ya yi ganganci. Ni kuma ina gefensa ina ba shi haƙuri, ina cewa kwanansa ne ya ƙare, Allah zai mayar da alheri. Da wani dattijo ya ce an dai zuba man da yawa, sai na ji bakina yana cewa ai na ce a riƙa shafawa kaɗan-kaɗan. Yaya ya gyaɗa kai ya ce gaskiya ne, Auta ya faɗa, shi ne bai ji ba. Duk rashin kirkin da na taɓa yi a rayuwata, ban san wanda ya kai wannan maganar ba.

Maiɗakina ta sani, don kalanzir ɗin rishonta na ɗauka ranar da na yi wankin. Da na dawo na ba ta labari sai ta tambaye ni ko na gaya masa. Na hau ta da faɗa, na ce me gaya masa zai ƙara, san zai tashi ne? Ta ce ba zai tashi ba, ta ci gaba da tsince shinkafarta. Ba ta sake tayar da maganar ba, kuma wannan shirun nata ya fi faɗa ci mini rai. Ragowar man na tuttule shi a masai, na huda jarkar na jefar da ita nesa da gida, ina waige-waige kamar ɓarawo.

Sati uku na yi ina ɗauke da abin nan. Ina koyarwa, ina salla, ina cin abinci, amma ba wanda nake jin daɗinsa. Haushin kowa nake ji. Tsohon direban nan na daina gaishe shi, bawan Allah bai san me ya yi mini ba, shi da ya ce in wanke inji, bai ce in shafa wa sa ba. Har Yaya na ji haushinsa, na ce da ya ji maganata ta malamin dabbobi da duk haka ba ta faru ba. Na riƙa tara wa kaina hujjoji. Ko ba kalanzir, sa da aka shafe haka aka bar shi a rana ai zai iya mutuwa, wa ya sani? Sau biyu na kira shi a waya da niyyar in faɗa, sau biyu muka ƙare a maganar hadari da taki. Motar kuwa ba ta taɓa lafiya irin ta lokacin ba, bugu ɗaya take tashi, har na fara ƙin jin sautinta.

Wata Asabar wani abokin aikina ya bar mini tasa motar in yi mata juye, ya wuce kasuwa. Ina kwance a cikin ramin ina jiran ɗigon ya tsaya, sai na ga ƙafafu biyu cikin takalmin taya sun tsaya daidai kaina. Na san ƙafafun. Na fito, na ga Yaya ya rame, wuyansa ya yi tsawo a cikin riga. Galan yana hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma yana riƙe da wani abu da aka saƙa da igiyar rama.

Ya ce farin ma ya kamu, ɓawon ya fara fitowa a kafaɗa. Amma wannan karon ya shirya. Ya nuna mini takunkumin da ya saƙa da hannunsa, ya ce ya yi rumfa a turken, kuma da gashin kaza zai riƙa shafawa, kaɗan-kaɗan kamar yadda na ce. Ya ce tun da abin nan ya faru bai ci tuwo ya ƙoshi ba. Dabba amana ce, ba ta da bakin faɗin inda yake mata ciwo, shi aka ba wa ya kashe ta da hannunsa. Ya yi ta istigfari, har azumi uku ya yi a kan san nan.

Daron yana gabana cike da tsohon mai zalla, ba ɗigon kalanzir a ciki. Da na cika masa galan ɗin, mai yiwuwa farin ya warke, ko dai bai mutu ba, maganar ta binnu har abada. Har na miƙa hannu wajen mazurari. Sai na hango inda abin zai kai. In farin ya rayu, Yaya zai ce takunkumi ne ya cece shi, ya tabbatar ke nan rashin takunkumi ne ya kashe jan, kuma da wannan zai shiga kabarinsa. Na janye hannuna.

"Yaya, zauna in gaya maka wata magana."

Ya zauna a kan saiwar darbejiyar. Ni na kasa zama, na tsaya hannuna duk mai.

"Man da na ba ka rannan ba zalla ba ne. Kusan rabinsa kalanzir ne. Inji na wanke da shi, na haɗa su a jarka ɗaya."

Ya daɗe yana jujjuya takunkumin a hannunsa.

"Mantawa ka yi?"

Ƙofa ya buɗe mini, na kuma gane. Da na ce e, da ya karɓa, ya ce ɗan Adam ke nan, ya ma ba ni haƙuri.

"Ban manta ba."

"Lokacin da na buɗe na sunsuna, ka sani?"

"Na sani."

"Da malamin dabbobi ya tambaye ka fa?"

Na sunkuyar da kai. Bai ɗaga murya ba, bai ko ɓata fuska ba. Da ya tashi ya kwaɗa mini mari a ƙofar gidana a gaban maƙwabta, da na fi samun sauƙi.

"Sa dai dabba ne, Auta, ko ba kai ba wata rana zai mutu," in ji shi. "Amma kana zaune kusa da ni ina gaya wa mutane ni na kashe shi, kai kuma kana ba ni haƙuri."

Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, da sauri, yadda ake faɗa in ana so a rufe magana. Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa. Na ce ya jira in wanke hannu in kai shi tasha, ya ce ƙafarsa ta yi tsami a mota, so yake ya taka. Bai shiga ya gaisa da maiɗakina ba, ruwan da ta kawo ma bai sha ba. Na tsaya ina kallonsa har ya sha kwana.

Na koma cikin ramin na ɗaure noti, na sa filta, na fito na shiga motar na sa makulli. Saura ƙiris in murɗa sai idona ya faɗa kan galan ɗin sabon mai a gindin bishiya, ko buɗe shi ban yi ba. Da na tayar da motar mutane ba mai a cikinta, da na ƙara wata ɓarnar a kan wadda na yi. Na zare makullin na zauna a wurin har aka kira azahar.

Washegari na roƙi malamin dabbobi ya hau babur ɗinsa ya je ya duba farin. Ni ban bi shi ba. Allura ya yi masa 'yan kwanaki, ya ba da abin wanki, san ya warke sarai. Na aika wa Yaya ta bakin kawunmu, ƙanin mahaifiyarmu, cewa zan sayar da motar a sayi wani san. Ya aiko cewa in bar motata, da ita nake zuwa aiki, shi ba ya bin kowa komai.

Ruwa ya sauka bayan kwana tara. Yaya ya jira maƙwabcinsa ya gama tasa huɗar, sannan aka haɗa farin da san maƙwabcin, shanu biyu da ba su san tafiyar juna ba, kunyar huɗar tana fita a karkace. Gero ya sami huɗa a makare, ciyawa ta riga ta ci ƙarfinsa. Wani ɓangaren da garmar hannu ya yi shi, mutum mai shekara sittin da ɗoriya. Gonar gyaɗa kuwa ba a shuka ta ba a shekarar. Duk a bakin kawu nake jin wannan, don na kasa zuwa.

Sai da gero ya fara fid da kai na yi ta maza na tafi. Na ajiye motar a ƙofar gida, na nufi ciki kai tsaye kamar yadda na saba, sai ga Yaya ya fito ya tare ni a bakin zaure. Ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi hanya, ya tambayi damina a wajenmu, ba wadda ya tsallake. Ya sa aka shimfiɗa sabuwar tabarma a zauren, aka kawo fura a kwano mai murfi da ludayi sabo. A gidan nan aka haife ni, a bayan ɗakin tsohuwarmu aka binne cibiyata, kuma ban taɓa zama a zauren nan ba sai in an ce in taya baƙo hira.

Ya zauna tare da ni, muka yi maganar ruwa da tsutsar da ta faɗa wa wake. Ba ɗaci a fuskarsa ko kaɗan, har dariya ya yi sau ɗaya. Ni kuwa ina ta jira ya ce in shiga in gaida mutanen gida. Matarsa ce ta zo bakin ƙofar zauren ta gaishe ni daga tsaye, ta koma. Da la'asar ta gabato ya ce kada in bari rana ta faɗi ina hanya. Ya raka ni har mota, ya riƙe mini ƙofa na shiga, ya ce ya gode da ziyara, in gaida mutanen Daura.

Shekara uku ke nan. Ban fasa zuwa ba, shi ma bai taɓa fasa tarbata ba, kuma duk zuwan da na yi a zauren nan nake zama.